Ina Gwamnatin Amurka Take Zaune?

Ɗan ƙanwata ya daɗe yana damuna in zo in ga inda yake zaune, wani gari da ake kira Silver Spring a jihar Maryland, dab da birnin Washinton. Da Allah ya nufa, a ƙarshen watan Maris na sauka. Sanyi ya fara ja da baya, itatuwan nan da birnin Tokyo ya bai wa Washinton kyauta a 1912 sun cika da fure, baƙi sun yi maƙil a gari suna ɗaukar hoto. Ni kam ba fure ne ya kai ni ba. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da darasin gwamnati a sakandare, ina zana wa yara rassan mulki uku a allo, ina ce musu tsarin shugaba mai cikakken iko da muka koma a 1979 daga Amurka muka aro shi. Abin da nake so shi ne in ga mai kayan a gidansa.

Tun a hanya na lura da lambar motocin birnin. A ƙasan lambar an rubuta ƙorafi, wai a daina karɓar haraji daga mutanen da ba su da wakilci. Na tambayi yaron ko 'yan adawa ne suke liƙawa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, hukumar birnin ce da kanta take bugawa." Ashe Washinton ba jiha ba ce. Mazaunanta sun kusa 700,000, sun fi mutanen jihar Wyoming yawa, suna biyan harajin tarayya kamar kowa, amma ba su da sanata ko ɗaya. A Majalisar Wakilai suna da wakiliya guda, Eleanor Holmes Norton, wadda ta hau kujerar tun 1991. Tana magana, tana zama a kwamiti, amma ranar zartar da doka ba ta da ƙuri'a. Sai a 1961 ma aka ba su damar zaɓen shugaban ƙasa. Suna zaɓen magajin gari da kansiloli, sai dai majalisar ƙasa na iya soke dokar da kansilolin suka yi. Na ce a raina, to Abujarmu da ke da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu ta fi ta a nan, ko da yake ita minista ake naɗa mata.

Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa muka hau zuwa Kapitol, ginin nan mai farar kubba da ake nunawa a talabijin duk lokacin da za a yi labarin Amurka. Baƙi ta ƙasa suke shiga, ta wani katafaren zaure da aka buɗe a 2008, wanda aka sa wa suna don tunawa da bayin da suka yi aikin ginin. Ko mutum-mutumin 'yanci da ke tsaye a kan kubbar tun 1863, wani bawa mai suna Philip Reid yana cikin waɗanda suka yi aikin zubinsa da tagulla. Mai yi mana jagora ba ta ɓoye wannan ba, ita ta fara faɗa. A ƙarƙashin kubbar akwai manyan zane-zane a bango. Ɗaya ya tsayar da ni: wani janar a tsaye cikin kaki yana miƙa takarda ga wasu farar hula. Ta ce George Washington ne, babban kwamandan yaƙin neman 'yancin Amurka, kuma a garin Annapolis abin ya faru, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Na riƙe sunan garin.

Baƙon da ya zo daga wata ƙasa, in ya nuna fasfo, ana ba shi katin hawa benen da ake kallon zaman majalisa. Muka ajiye wayoyinmu muka hau na Majalisar Dattawa. Na zaci zan tarar da zaure cike ana cacar baki. Abin da na gani shi ne tebura 100 a jere, kusan duk ba kowa, sanata guda a tsaye yana karanta jawabi, wani a kujerar shugabanci yana duba takardu, sai yara 'yan makaranta masu kai saƙo zaune a kan matakala. Yaron ya raɗa mini cewa mutumin da kyamara yake magana, don mutanen jiharsa su gani. Ainihin aikin a ɗakunan kwamiti ake yinsa, a gine-ginen ofisoshi da ke gefe, har wani ɗan jirgin ƙasa suke da shi a ƙarƙashi da ke kwaso sanatoci in an buga ƙararrawar ƙuri'a.

Wannan majalisa ita ce ta fi ba ni mamaki a duk tsarin. Kowace jiha sanata biyu take da su, komai girmanta. Kalifoniya mai mutane kusan miliyan 39 biyu, Wyoming da ba ta kai 600,000 ba biyu. Sulhu ne aka yi a Filadelfiya a 1787, don ƙananan jihohi sun ce ba za su shiga tarayyar ba in manya za su haɗiye su. Aka ce to, a Majalisar Wakilai a bi yawan jama'a, a ta Dattawa kowa daidai. Shi ya sa cikin kujeru 435 na wakilai Kalifoniya ke da 52, Wyoming na da ɗaya tal. Mu ma mun ɗauko wannan, uku-uku ga kowace jiha. Abin da ba mu ɗauko ba shi ne wata al'ada tasu da ba ta cikin kundin tsarin mulki: a mafi yawan ƙudurori sai an samu sanata 60 sun yarda a rufe muhawara kafin a kai ga ƙuri'a. Ke nan jam'iyya na iya samun rinjaye da kujeru 52 ko 53, ta kasa fitar da dokar da ta yi wa jama'a alkawari. Masu kare al'adar sun ce tana tilasta sulhu. Masu sukarta sun ce da ita sanatocin kudu suka yi shekaru suna danne dokokin 'yancin baƙar fata. Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Sanata shekara shida yake yi, kuma ba a zaɓensu gaba ɗaya, duk shekara biyu kashi ɗaya cikin uku ne ke komawa gaban jama'a. Ɗan majalisar wakilai kuwa shekara biyu kacal gare shi. Kafin ya gama shirya ofis an fara maganar zaɓe na gaba, shi ya sa neman kuɗin yaƙin zaɓe ba ya ƙarewa. Da muka fito, yaron ya bi da ni ta wani titi da ake kira K, ya nuna mini dogayen benaye ya ce nan ne matattarar 'yan kamun ƙafa, masu rajista, waɗanda kamfanoni da ƙungiyoyi ke biya su je su shawo kan 'yan majalisa. Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2010 kuma, kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na iya kashe ko nawa suka ga dama wajen tallan siyasa, muddin ba hannun ɗan takara suka damƙa ba. Na ce masa, wato abin da ake yi a ɓoye a wasu wurare, su sun yi masa ofis da lasisi. Ya ce bambancin dai ana rubutawa, kowa na iya dubawa. Ban ƙi tasa ba, amma ban janye tawa ba.

Fadar White House ta bakin shinge muka hango ta. Ƙarama ce a kan yadda na zata, na san gidajen gwamnatin jiha a gida da suka fi ta cin fili. A gefe guda wasu na riƙe da kwalaye suna zagin mai gidan, 'yan sanda na tsaye suna kallo. Mutumin da ke ciki shi ne babban kwamandan askarawan ƙasar, amma ministocinsa da jakadunsa da alƙalan da ya zaɓa sai Majalisar Dattawa ta amince. Yarjejeniya da wata ƙasa sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun sa hannu. In ya hau kujerar naƙi a kan doka, kashi biyu cikin uku na majalisun biyu na iya tsallake shi. Kuɗi kuwa ba ya taɓa ko sisi sai abin da majalisa ta ware, shi ya sa in suka yi taurin kai ake rufe ma'aikatu, kamar yadda aka yi kwana 35 daga ƙarshen 2018 zuwa Janairun 2019, ma'aikata na gida ba albashi. Majalisar Wakilai ta tuhumi Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump a 2019 da 2021, amma ba wanda Majalisar Dattawa ta sauke. Richard Nixon da kansa ya yi murabus a 1974 da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Duk da wannan ƙaimi, kada a ruɗi kai. Kundin ya ce majalisa ce ke ayyana yaƙi, amma rabon da ta yi hakan a hukumance tun Yaƙin Duniya na Biyu, ga shi kuwa an yi Koriya da Biyetnam da Iraƙi da Afganistan. Ikon fadar ƙaruwa yake ta yi, sau da yawa majalisar ce da kanta ke sakar masa mara.

Kotun Ƙoli tana fuskantar Kapitol, farin gini mai ginshiƙai da aka kammala a 1935. Alƙalai tara ne, kuma ba su da shekarun ritaya kamar namu da ke sauka a 70. Sai mutuwa, ko mutum ya ajiye don kansa, ko a tsige shi. Dubban ƙararraki ake kai musu a shekara, su zaɓi waɗanda ba su kai 100 ba su saurara. Ikon soke dokar majalisa da ake jin tsoronsu dominsa ba a rubuta shi ƙarara a kundin ba, kotun ce ta tabbatar wa kanta shi a wata shari'a a 1803, kowa kuma ya bi.

Kundin kansa na gan shi a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, cikin gilashi, a ɗaki mai duhu-duhu don kada haske ya cinye tawadar. Shafi huɗu ne. Namu na 1999 sashe 320 gare shi. Sau 27 kawai aka yi wa nasu gyara, goma na farko a 1791, waɗanda suka ba da 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki. A cikin shafi huɗun nan akwai inda aka ƙidaya bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru. Sai da aka yi yaƙin basasa kafin a haramta bauta a 1865, mata sai 1920 suka samu ƙuri'a a duk ƙasar, baƙar fatar kudu kuwa sai bayan dokar zaɓe ta 1965 suka iya kaɗa tasu ba tare da an tare musu hanya ba. A ɗakin karatu na majalisa kuma akwai fassarar Alƙur'ani mai girma da Thomas Jefferson ya mallaka, wadda Keith Ellison, Musulmi na farko da aka zaɓa majalisar ƙasa, ya dafa a bikin rantsuwarsa a 2007. Kundin ya hana a gindaya wa kowa sharaɗin addini kafin ya riƙe muƙami. Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin da ke titin Massachusetts, wanda Shugaba Eisenhower ya halarci buɗe shi a 1957.

Da daddare muna cin tuwo, matar yaron ta yi mini bayanin zaɓen shugaban ƙasa fiye da yadda na taɓa yi wa ɗalibaina. Ta ce, "Kawu, ba zaɓe ɗaya ba ne, kowace jiha nata take yi." Kowace jiha na da wakilan zaɓe daidai da adadin sanatocinta da 'yan majalisarta, jimla 538 har da uku na Washinton, mai 270 ya ci. Ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta duka. Ta haka George Bush ƙarami ya ci a 2000 da ratar ƙuri'a 537 a Fulorida, ta haka kuma Hillary Clinton ta fi yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3 a 2016 ta sha kaye. Ƙidayar waɗannan wakilai ake yi a Kapitol ranar 6 ga Janairun 2021 lokacin da magoya bayan Trump suka fasa ginin. Majalisa ta koma zama a daren, ta kammala kafin gari ya waye.

Da wannan a raina muka tafi Annapolis, babban birnin Maryland, ƙaramin gari a bakin ruwa mai titunan jan bulo. Ginin majalisar jihar tun 1772 aka aza harsashinsa, har yau kuma a cikinsa ake zama. Nan ne majalisar ƙasa ta yi zamanta daga 1783 zuwa 1784. An gama yaƙi da Ingila, baitulmali ba kuɗi, hafsoshi na bin bashin albashi, har a watan Maris na 1783 wasunsu suka fara ƙus-ƙus a sansanin Newburgh, Washington ya je da kansa ya kwantar da su. Ranar 23 ga Disamba ya shigo wannan ɗaki. An riga an tsara yadda za a yi: 'yan majalisa su zauna da hulunansu a ka, shi ya tsaya, ya rusuna musu, su kuma su ɗaga hula kawai ba tare da sun rusuna ba. Ya karanta ɗan gajeren jawabi, ya miƙa takardar naɗinsa na babban kwamanda, ya hau doki ya koma gonarsa. Takardar jawabin da ya rubuta da hannunsa tana nan a ginin.

Na daɗe a tsaye a ɗakin. Wanda ya girma yana jin taken soja a rediyo da asuba, tun daga 1966, ya san nauyin abin da aka yi a nan. Mutumin yana da bindiga, yana da farin jini, majalisar kuwa ba ta da ko kuɗin biyan masu gadinta. Da aka zaɓe shi shugaba a 1789 ya yi wa'adi biyu ya sauka, alhali ba dokar da ta tilasta masa. Sai a 1951 aka mayar da al'adar doka, bayan an zaɓi Franklin Roosevelt har sau huɗu. Mu ma mun ga Obasanjo a 1979 da Abdulsalami a 1999, ba za a ce ba mu san irinta ba. Kuma wannan Washington ɗin dai ya mutu yana da bayi a gonarsa. A harabar ginin akwai mutum-mutumin Thurgood Marshall, ɗan Baltimore, lauyan da ya ci shari'ar hana wariya a makarantu a 1954, wanda ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli a 1967. Na Roger Taney, alƙalin alƙalan da ya yanke a 1857 cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, an ɗauke shi a 2017. A 2023 jihar ta rantsar da Wes Moore, baƙar fata na farko da ya zama gwamnanta.

Majalisar jihar, sanata 47 da wakilai 141, kwana 90 kawai take zama a shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, sannan kowa ya koma sana'arsa. Mun tarar da su a ƙarshen zango, ana ta gudu a baranda da takardu. Nan na fara gane cewa dokar aure da saki, lasisin tuƙi, hukuncin mafi yawan laifuffuka, yadda ake kaɗa ƙuri'a, duk na jiha ne. Maryland na karɓar kashi 6 cikin 100 a kan kayan da ka saya, maƙwabciyarta Delaware ba ta karɓar komai. Babban lauyan jiha ba gwamna ke naɗa shi ba, jama'a ke zaɓensa daban. Ba su da rundunar 'yan sanda guda ta ƙasa irin tamu, hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 ne, na jiha da na gunduma da na gari. Ba su da hukumar zaɓe ta ƙasa da ke shirya zaɓe, jihohi da gundumomi ke yi, maƙwabtanka ne ke zama a rumfa.

Wurin ƙarshe da na nemi a kai ni shi ne zaman sauraron jama'a kan kasafin kuɗi na gundumar da yaron ke zaune, Montgomery, a garin Rockville. Da yamma ake yi, bayan an tashi aiki. Kansiloli 11 a zaune, mutane na fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa 'yan mintoci aka ba shi, agogo na ƙirgawa a gabansa. Wata malama ta ce yara sun yi yawa a ajinta. Wani dattijo ɗan fansho ya ce in aka ƙara harajin gida zai sayar da nasa ya bar garin. Wata yarinya 'yar sakandare ta nemi a ƙara motocin safa. Ba wanda ya ce ranka ya daɗe, ba wanda ya gode wa kansila don ya yi aikinsa. Yaron ya nuna mini takardar harajin gidansa a waya, ya ce, "Kawu, albashin malaman 'ya'yana daga nan yake fitowa." Abin da gwamnatin tarayya ke sawa a makarantun ƙasar bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba, sauran na jiha ne da gunduma.

A nan na ga abin da ban taɓa zana wa ɗalibaina a allo ba. Mun sare reshen bishiyar mun kawo gida, saiwar tana can. Ƙananan hukumominmu 774 kason wata-wata suke jira daga Abuja, har sai da Kotun Ƙolinmu ta ce a 2024 a riƙa tura musu kai tsaye, don ya daina maƙalewa a hannun gwamnoni. Shugaban da kuɗinsa daga sama yake zuwa, sama zai riƙa kallo. Nasu tsarin ma yana da nasa ciwon, don gundumar masu tsadar gidaje ita ke da makarantu masu kyau, ta talakawa kuwa sai abin da jiha ta cika mata.

A mota muna komawa na ce wa yaron na lura da waɗanda suka cika zauren: masu gidan kansu, 'yan fansho, 'yan ƙungiyar malamai. Ban ga direbobin tasi da masu aikin dare a gidajen kula da tsofaffi ba, alhali su na fi gani a unguwarsa, Habashawa da 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Kudancin Amurka. Ya ce ai a wannan lokacin suna bakin aiki, kuma da yawa ba su da ƙuri'a tukuna. Ya ce takardar zaɓensu ma tsawo gare ta, daga gwamna har shugaban gunduma, kansiloli, mai gabatar da ƙara, wasu alƙalai, 'yan hukumar makarantu, har magatakardan wasiyya, kuma mutane da yawa na sama kawai suke dangwalawa su bar sauran.

Na ce, "To kai fa, ka saba zuwa irin wannan zama?"

Ya yi shiru har sai da danja ta ba mu hannu, sannan ya ce, "Gaskiya Kawu, yau na fara shiga zauren nan, shi ma albarkacinka."